Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ko da yake galibi ana kawo wannan karin magana ne sa'ad da aka ga aminai biyu sun daina gaisawa, ko amarya ta yi yaji ba a san dalili ba, ni dai duk lokacin da na ji shi hankalina ba ya tsayawa a kan mutanen da ake zancensu, sai ya zarce zuwa ga ruwan kansa, da kuma wanda ya fara lura cewa ruwan da aka jiƙa gero a cikinsa jiya ya wayi gari da wani ɗanɗano dabam, har ya yanke hukunci cewa lalle akwai sababi, ko da ido bai gan shi ba. Wannan hukunci irin na malamai ne, domin da shi suke kafa hujja a ilmin tauhidi, watau cewa babu wani fararren abu face yana da mafari.

Kalmar tsami tana da fuska biyu, kuma harshenmu bai taɓa damuwa da ya raba su ba. In aka ce dangantaka ta yi tsami, ɓaci ake nufi. In manomi ya dawo daga huɗa ya ce jikinsa ya yi tsami, wahala yake faɗi. Yaron da harshensa bai gama warwarewa ba a ce yana da tsamin baki. Tuwon da ya kwana ba a ɗumama ba, in ya yi tsami, sai a zuba wa kaji. Amma kuma wannan tsamin shi ne mai azumi ke ɗokin ji a kunun tsamiya da faɗuwar rana, shi ake nema a koko da sassafe, shi ne ran fura da nono, kuma wainar da ƙullunta bai kwana ya ɗan yi tsami ba, masu baki sun san ba ta kai waina ba. Itaciyar tsamiya ma haka take a wurinmu: ana shan 'ya'yanta, ana saƙa riga ta alfarma da zaren tsutsar da ake kira da sunanta, sa'an nan kuma ana hana yara zama a gindinta da tsakar rana saboda abin da aka ce yana zaune a cikinta. Tsakanin tsamin da ake so da wanda ake gudu babu wani shamaki sai lokaci da gwargwado, kuma a kan wannan ɗan siririn tsakani ne wata tsohuwar sana'a ta ginu, wadda a 'yan shekarun nan ta sake shiga gidajen mutane a Turai da Amurka, musamman a 2020 da annoba ta tsare kowa a gida, yis ya yi wuyar samu a kantuna: ina nufin gasa burodi mai tsami, wanda ba a sa masa yis na sayarwa.

Asalin burodi mai tashi ke nan. Tun zamanin Fir'aunoni Misirawa suke gasa shi, kuma mai karatun Suratu Yusuf zai tuna da ɗayan samarin nan biyu na kurkuku, wanda ya yi mafarki yana ɗauke da gurasa a ka tsuntsaye suna ci, wanda masu tafsiri suka ce shi ne mai yi wa sarki gurasa. Dubban shekaru ana yi ba a san dalilin tashin kwaɓi ba, sai a 1857 Louis Pasteur, yana birnin Lille na Faransa, ya bayyana cewa tsamin nono aikin waɗansu ƙananan halittu ne masu rai. Masana'antu kuma suka riƙa ware yis shi kaɗai suna sayarwa, kamar yadda 'yan'uwan nan Fleischmann suka fara a Cincinnati a 1868, burodi ya koma tashi cikin sa'a ɗaya ko biyu, ya yi fari, ya yi laushi, ya kuma rasa tsami. Abin da ke cikin tsohon kwaɓi kuwa jama'a biyu ce da ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: yis na daji, wanda ke fitar da iskar da ke kumbura kwaɓin, da bakteriya irin ta nono, wadda ke samar da tsami iri biyu, ɗaya mai taushi irin na kindirmo, ɗaya mai kaifi irin na khal. Faransawa sun ɗauki al'amarin da muhimmancin da har dokarsu ta burodi ta 1993 ta ƙayyade cewa ba a kiran burodi da sunan mai tsami sai ma'aunin tsaminsa bai wuce 4.3 ba, a ma'aunin da tsarkakakken ruwa yake a kan 7, wanda kuma raguwar adadinsa ke nuna ƙaruwar tsami.

To, mene ne kayan aikin wannan sana'a? 'Yan kasuwa sun amsa wannan tambaya da dogon lissafi, har mai sha'awa ya karaya tun bai fara ba. Ra'ayina kuwa shi ne, kowane kayan aiki na gaskiya amsa ce ga wani sababi, wanda ya san sababin ya san abin da ya wajaba ya saya, da abin da mustahabbi ne kawai, da abin da tuni yana rataye a ɗakin girkinsa.

Na farko kwalba ce mai faɗin baki, wadda ido ke ratsawa. A cikinta ake kiwon abin da Italiyawa da mutanen Sifen suke kira uwa, mu ma ba laifi mu ce uwar tsami: fulawa da ruwa, nauyi daidai da nauyi, a dama, a rufe sako-sako don iska ta samu mafita, a ajiye, kowace rana a zubar da mafi yawa, a ƙara sabuwar fulawa da ruwa, har bayan mako guda ko biyu ta riƙa ninka kanta cikin 'yan sa'o'i bayan an ciyar da ita. Garin alkama da ba a tankaɗe dusarsa ba ya fi saurin kamawa, domin a jikin dusar ne halittun suke. Dalilin son kwalba a kan kwanon sha shi ne gani. Mai kiwon yakan ɗaura zoben roba daidai inda kwaɓin ya tsaya bayan ciyarwa, ya tafi harkarsa. In ya dawo sai ya tarar ya haye zoben ninki biyu, jikin gilashin ya cika da ƙananan kumfa manya da ƙanana, samansa ya yi tozo, ƙamshinsa tsakanin nono da nunannen 'ya'yan itace. Wannan shi ne lokacinta. In aka bari tozon ya faɗa, ya bar shatin inda ya kai a jikin kwalbar, wani ruwa mai duhu ya taru a sama, warin ya koma mai hawa hanci, to yunwa take ji, ƙarfinta ya ragu, tsaminta ya ƙaru.

Wannan dabara ta barin ragowar jiya ta zama irin gobe ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin da ita 'yar Fulani take kama kindirmo, tana zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara, da ita kuma matan Habasha suke tayar da ƙullun injera, matan Sudan kuma na kisra. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma ma'abota wannan burodi sun riƙi wannan magana har sun kai ta maƙura. Gidan burodin Boudin da ke San Faransisko ya ce uwar tsaminsa tana raye tun 1849, shekarar da ake rububin haƙar zinariya. A kwaɓin wannan birni ne kuma masu bincike biyu, Kline da Sugihara, suka gano a 1971 wata bakteriya da aka raɗa wa sunan garin, ko da yake daga baya an iske ta a kwaɓin ƙasashe masu yawa. Mahaƙa zinariyar Klondike, a can arewacin Kanada, a ƙarshen ƙarni na 19, sukan rataya tasu a jaka a jikinsu don kada sanyi ya daskarar da ita, har sunan kwaɓin ya zama laƙabin duk wanda ya ga jiya a wannan ƙasa. A garin Sankt Vith na Beljiyam ma akwai wata taska da kamfanin Puratos ya buɗe a 2013, inda aka jera kwalabe fiye da 100 daga sassan duniya a cikin firji, ana ciyar da kowace da fulawar ƙasarta. Ina ganin girman wannan riƙo, amma gaskiya ita ce tsufan uwar tsami silsila ce ta isnadi, ba tsufan jiki ba, domin halittun da ke ciki suna sabuntuwa da kowace ciyarwa, kuma wadda aka fara watan jiya, in an kula da ita, tana tayar da burodi tashi na ƙwarai.

Akwai wata mas'ala da takan tsaya wa mai tsantseni a rai, ba kuwa zan tsallake ta ba. Larabawa suna kiran yis khamira, daga tushe ɗaya da khamr, giya, da khimar, mayafi, duka suna komawa ga ma'anar rufewa. Kuma haƙiƙa yis yana haifar da ɗan abin da ke cikin giya sa'ad da yake aiki. Sai dai ɗan kaɗan ne, zafin wuta yana korar mafi yawansa, babu wanda ya taɓa maye da burodi komai yawan cinsa, kuma Musulmi daga Fas har Bagadaza sun ci gurasa mai tashi ƙarni bayan ƙarni a gaban manyan fuƙaha'u. Hukuncinsa a aikace hukuncin ƙullun waina ne da funkaso.

Na biyu, wanda a gare ni shi ne farillar kayan aikin duka, mizani ne, ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Mu mutanen mudu ne da tiya da gwangwani, kuma hannun uwargida da ya shekara talatin yana tuƙa tuwo ya fi kowane ma'auni sanin gari. Amma fulawa tana da wata ɗabi'a ta yaudara, domin kofi guda, in an tankaɗe ta an zuba a hankali, zai yi kamar giram 120, in kuwa an danna ta ya kai 150, alhali a ido duka kofi ne cike. Masu sana'ar suna lissafa kome bisa nauyin fulawa: in fulawa giram 500 ce, ruwa ya zama 350, watau kashi 70 cikin 100, uwar tsami 100, gishiri 10, watau kashi 2 cikin 100. Wannan gishirin kaɗai ya isa hujjar sayen sikeli, domin ban da ɗanɗano shi ne linzamin kwaɓi, yana rage gaggawar yis, yana ƙarfafa danƙon alkama, kuma tsakanin giram 10 da 15 akwai tazarar da harshe ba ya yafewa. Addini ya tsananta a kan awo, har akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma ko da yake a can haƙƙin mai saye ake karewa, akwai wani adalci da mai aiki yake bin kansa: wanda ya auna, in burodinsa ya yi kyau ya san yadda zai maimaita, in ya ɓaci ya san abu ɗaya da zai sauya, wanda ya yi da ka kuwa, nasararsa da asararsa duka sa'a ce.

Bayan nauyi sai zafi, a nan ne kuma ya kamata mai karatu a Kano ko Damagaram ya yi hattara da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi. Marubutansu suna neman kwaɓi ya zauna a wajen digiri 24 zuwa 26, har suna sayen akwati mai ɗumi na lantarki saboda ɗakunansu ba sa kai haka. In suka ce a bar kwaɓi sa'o'i 5 ko 6, da wannan zafin suke magana. A watan Afrilu, da ɗaki ke haura digiri 35, wannan wa'adin yakan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma kwaɓin da ya zarce ajalinsa ba ya dawowa. Mai waina, in ƙullunta ya yi tsami fiye da kima, tana da mafita, tunda kanwa ta kar tsami. Amma a burodi tsamin da ya wuce iyaka ya riga ya cinye danƙon da ke riƙe iska, kwaɓin ya saki, ya riƙa bin hannu, ya baje a faranti, kuma babu kanwar da za ta ɗinke abin da ya tsinke. Saboda haka ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke yana da amfani, amma abin da ya fi shi amfani a ƙasar zafi shi ne ruwan randa ko na firji a wajen kwaɓawa, da rage yawan uwar tsami, da zaɓar aiki da asuba ko bayan isha'i. Firjin ma kayan aiki ne: a cikinsa ake kwantar da burodin da aka mulmula ya kwana, tashinsa ya yi jinkiri, ɗanɗanonsa ya zurfafa, a cikinsa kuma uwar tsami take hutawa mako guda ba a ciyar da ita ba. Lokacin hunturu, wanda shi ne kuma lokacin da ake noman alkama a Kadawa da bakin Tafkin Chadi, shi ne ya fi dacewa da mai koyo.

Kwanon kwaɓi kowane ne ya yi, muddin yana da faɗi da murfi. Injin murza kwaɓi ba dole ba ne, domin wannan burodi ba ya son duka: a jiƙa hannu, a kamo gefen kwaɓin a ja shi sama a naɗe a kansa, a juya kwanon a sake, a bar shi rabin sa'a, a kuma, kamar sau uku ko huɗu. Wani ɗan falle na ƙarfe ko roba mai kaifi ɗaya, da ake kankare tebur da raba kwaɓi da shi, yana da arha, kuma wanda ya saba da shi ba ya son rabuwa da shi.

Kwandon tashi shi ne kayan da ya fi ɗaukar ido a hotuna, wanda Faransawa da Jamusawa suke naɗawa da sandar kara mai lanƙwasa, yana barin zobba-zobba na farin gari a bayan burodi. Aikinsa biyu ne: ya tallafi kwaɓi mai ruwa-ruwa don kada ya baje kafin ya shiga wuta, ya kuma tsotse ɗan danshin fatarsa. Ƙaramin kwando na kaba, ko ƙwarya, ko kwano, in aka shimfiɗa masa ƙyallen auduga mai tsabta, ya biya buƙata. Sirrin yana wajen garin da ake barbaɗawa, wanda ya kamata ya zama na shinkafa, domin ba shi da danƙo, ba ya jiƙewa ya manne. Wanda ya barbaɗa fulawa zai iya wayar gari ya ga ƙyallen ya riƙe burodin, aikin yini guda ya yage a hannunsa. Sa'an nan sai reza. Kafin a sa burodi a wuta ana tsaga samansa, domin in zafi ya buge shi zai kumbura da ƙarfi cikin mintunan farko, in bai samu ƙofa ba sai ya fashe ta inda ya ga dama. Ana karkata rezar, ba a tsayar da ita ba, a ja ta sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, zurfin kamar rabin santimita, da irin hannun wanzami wanda ya san jinkiri ya fi kaifi ciwo; in an dace, leɓen tsagar yakan ɗaga ya ƙone kaɗan a baki, wanda masu sana'ar suke kira kunne. Sabuwar reza ta aski, a soke ta a tsinke, ita ce dai abin da ake sayarwa da tsada a cikin kube.

Saura tukunya, wadda ita ce ta biyun sikeli a daraja. Gidajen burodi irin Poilâne na Faris, wanda aka kafa a 1932, suna gasa manyan dunƙule masu nauyin kusan kilo 2 a tanderun bulo mai riƙe zafi da tururi. Tanderun gida na gas ko na lantarki kuwa an yi shi ne ya fitar da tururi waje. Tururin nan shi ke hana fatar burodi bushewa da wuri, ya ba shi damar gama kumbura kafin ɓawo ya ƙulle shi, shi ne kuma ke sa ɓawon ya yi sheƙi. Maganin shi ne tukunyar baƙin ƙarfe mai nauyi da murfi mai kamawa: a zafafa ta wajen rabin sa'a ko fiye a digiri 240 zuwa 250, a saka burodin, a rufe minti 20 yana dahuwa a cikin gumin kansa, sa'an nan a buɗe, a ƙara minti 20 zuwa 25 har ya yi ja mai duhu. Jim Lahey na Niyok ne ya yaɗa wannan dabara bayan da jaridar New York Times ta buga hanyarsa a 2006, Chad Robertson kuma ya haɗa ta da kwaɓi mai tsami a littafinsa na 2010. Amma a 1991 masu tonon tarihi ƙarƙashin Mark Lehner sun gano gidajen burodi a Giza, na zamanin gina dala, kimanin shekara 4,500 da suka wuce, inda ake zuba kwaɓi a tukwanen ƙasa masu kauri, a kife waɗansu zafafa a kansu, a binne gindinsu cikin garwashi. Sunan tanderu ma, wanda matan Kano suke manna gurasa a jikinsa, daga tannur ne na Larabci, kalmar da ta zo a ƙissar Annabi Nuhu, alaihis salam. Wanda ba shi da tanderun zamani yana iya aza tukunyar a kan garwashi kaɗan, ya zuba mafi yawa a kan murfi, domin wutar ƙasa ita ke ƙona gindi tun ciki bai dahu ba. A tanadi tsumma mai kauri busasshe, domin jiƙaƙƙe yana kai zafi ga hannu nan take.

In burodi ya fito, a ƙwanƙwasa gindinsa, in ya amsa da sautin abu mai rami ya dahu. Mai ma'aunin zafi zai ga cikinsa ya haura digiri 95. A aza shi a kan raga ko wani abin da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, kada gumi ya jiƙa gindin, a kuma ƙyale shi sa'a guda aƙalla, domin cikinsa yana ci gaba da kamewa bayan an sauke, wanda ya yanka da zafi zai tarar wuƙa ta fito da danƙo. Wuƙar kuwa doguwa mai haƙora ake so, a yi ta ja da turawa ba tare da dannawa ba, gama ɓawon wannan burodi yana da tauri. Ba a ajiye shi a leda, saboda tana tara gumi ɓawon ya yi laushi. A naɗe shi a ƙyalle, ko a kife yankakken gefen a kan katako. Saboda tsamin da ke cikinsa yana jinkirta fumfuna, yakan yi kwanaki ba tare da an sa masa wani magani ba, in kuma ya fara bushewa a yanka shi a gasa a kasko da man shanu, ko a tsoma shi a romo.